Ma'anar Mayosaitis da Yadda Ake Rikita Shi da Sanyi

Tun da jarumar finafinan Indiya, Samantha Ruth Prabhu, ta bayyana a watan Oktoban 2022 cewa tana fama da mayosaitis, wato ciwon kumburin tsoka, kalmar ta shiga bakin masu sharhi, wasu na fassara ta da sanyin ƙashi, wasu kuwa da shanyewar ɓarin jiki. Duka biyun kuskure ne, amma na farkon ya fi damuna, domin a wurinmu sanyi ya zama buhun da ake cusa duk ciwon da aka kasa gane kansa.

Kalmar daga Girkanci take. Gaɓar farko tana nufin tsoka, ta ƙarshe kuma kumburi. Abin sha'awa shi ne sunan da Girkawa suka ba tsoka shi ne kuma sunan ɓera a harshensu, wai saboda damtse idan ya motsa yana kama da ɓera mai gudu a ƙarƙashin fata. To amma wannan kumburin ba lallai ido ya gan shi ba. Garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta far wa tsokar cinyoyi da kafaɗu, har ya wayi gari tashi daga tabarma yana gagararsa, ko mace ta kasa ɗaga hannu ta taje gashinta. Rashin ƙarfi ne babbar alamar, ciwo kuwa yakan zo kaɗan ko ma babu, shi ya sa maganin ciwon gaɓɓai na kemis ke ɓata wa majinyaci lokaci kawai.

Likitoci kan auna sinadarin CK a jini, wanda ke ƙaruwa idan tsoka ta lalace, su gwada aikin lantarkin tsoka, wani lokaci su yanki ɗan ƙanƙanin nama a duba. Akwai nau'in da ke zuwa da ƙuraje a fatar ido da gaɓɓan yatsu, wanda ke da wuyar ganewa a baƙar fata. Magani yakan fara da prednisolone mai rage kumburi, sannan a haɗa da methotrexate ko azathioprine masu rage ƙarfin garkuwar jiki, tare da motsa jiki, ko da yake nau'in da ya fi kama waɗanda suka haura shekara 50 ba ya jin waɗannan magunguna.

Kada kuma a rikita mayosaitis da payomayosaitis, wanda aka sani a ƙasashenmu masu zafi, inda ƙwayar cuta ke tara mugunya a cikin tsoka. Shi wannan a kan fitar da mugunyar ne a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma prednisolone na iya ƙara tsananta shi.