Ma'anar "kat-of" ga mai neman karatun lauya

Da zarar sakamakon JAMB ya fito, kalmar da ke yawo a majalisu daga Ɗambatta har Ringim ita ce "kat-of". Uba zai ce yarona ya haye kat-of amma an hana shi lauya, sai a fara zargin an sayar da gurbinsa. Sau da yawa ba haka ba ne. Abubuwa uku ne ake kira da suna ɗaya.

Kat-of shi ne mafi ƙarancin makin da za a karɓa. Na farko na JAMB ne, wanda ake tsayarwa a taron shekara-shekara da shugabannin makarantu. A 2024 an tsayar da 140 cikin 400 ga jami'o'i, a 2025 kuma 150. Wannan izinin shiga layi ne kawai. Na biyu na jami'a ne, wanda ke ba ɗalibi damar zuwa tantancewa. Na uku, wanda shi ne mai yanke hukunci, na tsangayar lauya ne, kuma yawan masu nema da ƙarancin kujeru ne ke haifar da shi.

Kujerun ba a hannun jami'a suke ba. Majalisar Kula da Ilimin Lauya ta ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka, domin duk wanda ya gama shekara biyar ɗinsa sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, irin reshenta na Bagauda, kafin a rantsar da shi. Jami'ar da ta zarce adadinta tana iya fuskantar dakatarwa, ɗalibanta su yi ta jiran gurbi. Saboda haka ana jera masu nema daga sama zuwa ƙasa, inda kujeru suka ƙare nan kat-of ya tsaya. Shi ya sa na bara ba ya zama na bana.

Jeren ma ba ɗaya ba ne. A jami'o'in tarayya kashi 45 na cancanta ne zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a baya wajen ilimin boko. Kano da Jigawa suna cikin rukuni na ukun, kuma suna yankin Jami'ar Bayero. Ɗan Gumel da ya zaɓi Bayero yana da ƙofa uku. In ya zaɓi Jami'ar Legas, ta yanki ta rufe masa.

Makin da ake jerawa da shi kuma galibi haɗaɗɗe ne. Wasu jami'o'in kan raba makin JAMB da 8, wato 240 ya koma 30 cikin 50, sauran rabin ya fito daga jarrabawar tantancewa ko darajar sakamakon WAEC da NECO.

Abin da ya fi ciwo shi ne yaron da ya ci maki mai kyau amma ba a ma duba shi ba. Mafi yawan tsangayoyin lauya suna neman kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da Adabin Turanci, a zama bai wuce biyu ba, kuma Adabin ya kasance cikin darussa huɗun JAMB. Sakandaren ƙauye da yawa ba su da malamin Adabi, sai a cike wa ɗalibi Hausa a gurbinsa. Tun daga aji huɗu na sakandare ya kamata iyaye su tambayi wannan, kuma a duba kundin JAMB na jami'ar da ake so kafin a biya kuɗin rajista.

Sauran tarkon ƙanana ne, amma suna kayar da mutum. Sunan da ke kan NIN ya dace da na takardar WAEC harafi da harafi. Lambar wayar da aka yi rajista da ita ta zauna a hannun ɗalibi, kada a yi da ta mai shagon kwamfuta. A ɗora sakamakon sakandare a shafin JAMB, domin tun 2017 ta CAPS, tsarin JAMB na intanet, ake ba da gurbi, kuma in an bayar sai ɗalibi ya shiga ya danna amincewa da kansa.

Wanda kat-of ya bari a bana yana iya yin IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye, ya gama a shekara huɗu. Kujerun can ma ƙidayayyu ne, sai da sakamako mai ƙarfi.