Ba fasaha ce ke zaɓa wa kamfani hanya ba

An daɗe ana faɗa a tsakanin 'yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba cewa na'ura mafi inganci ita ce kullum ke mamaye kamfanoni da kanta. Ba haka abin yake ba. Jerin haruffan QWERTY da ke kan kwamfutocinmu an tsara shi ne don keken rubutu tun shekarun 1870, ya kuma ɗore saboda an riga an horar da ma'aikata a kansa, sauya shi kuwa yana da tsada. Mutane ne suka yanke wannan shawara. Mai son tabbatarwa ya tambayi tsofaffin ma'aikatan wata masana'anta a Ikeja wa ya zaɓi injinsu, da dalilinsa, sannan ya duba takardun saye. Don Allah a tura wa 'yan'uwa wannan bayani.