Waiwaye: Ohsumi, Yis Da Labarin Ƙwayar Halitta Mai Cin Kanta

Duk shekara da azumi ya ƙarato sai ka ga saƙon nan ya dawo yana yawo a WhatsApp da Facebook, wai wani ɗan Japan ya ci kyautar Nobel saboda ya gano azumi na kashe cutar daji, wato kansa. Mutumin dai akwai shi, sunansa Yoshinori Ohsumi, kyautar ma gaskiya ce, a 2016 aka ba shi ta fannin likitanci, shi kaɗai ba tare da an raba da kowa ba. Amma fa ba a kan masu azumi ya yi bincikensa ba, a kan yis ya yi, e, yis ɗin nan da ake sa wa kwaɓin burodi da fanke. Kuma labarin ya faro tun kafin shi.

A 1955 wani masani ɗan Beljiyam, Christian de Duve, yana aiki a kan hantar ɓera ya gano wata 'yar jaka a cikin ƙwayar halitta cike da sinadaran da ke narkar da abubuwa, ya sa mata suna laisozom. Da aka fara leƙawa da madubin lantarki mai ƙarfi sai aka riƙa ganin guntayen kayan cikin ƙwayar ita kanta a ƙunshe cikin irin waɗannan jakunkuna, wato ƙwayar tana tattara kayanta da suka tsufa ta kai a narke. De Duve ne ya raɗa wa abin suna otofaji, wato cin kai, a 1963, kuma a 1974 ya samu Nobel tare da Albert Claude da George Palade. Daga raɗa sunan nan kuma sai maganar ta yi kwantai kusan shekara talatin. Kowa ya san abin yana faruwa, ga hotuna nan, amma wa ke ba da umarni, waɗanne ƙwayoyin gado ne ke tafiyar da shi, babu hanyar da za a bi a kamo su a jikin dabba a lokacin.

Shi Ohsumi an haife shi a Fukuoka a 1945, shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare ƙasar tana cikin matsi, shi ne auta a gidansu. Ya yi karatu a Jami'ar Tokyo, ya gama digirin digirgir a 1974, ya wuce Jami'ar Rockefeller a New York wurin Gerald Edelman. Zaman Amurkan nan bai yi masa wani armashi ba gaskiya, an fara sa shi aikin ƙwan ɓera abin bai karɓe shi ba, sai ya koma kan yis. A 1977 ya dawo Tokyo ya shiga ɗakin binciken Yasuhiro Anraku, ya zaɓi ya yi aiki a kan wata babbar jaka da ke cikin ƙwayar yis wadda ita ce madadin laisozom. Lokacin masana na kallon jakar nan a matsayin bola kawai, wurin zubar da shara, shi kuma dama mutum ne da ya sha faɗa cewa ba ya son gasa, ya fi son inda ba cunkoso. Bai samu ɗakin bincike na kansa ba sai 1988, yana da shekara 43, shekarun da wasu sa'o'insa tuni sun yi suna.

To a nan ne ya yi dabarar da ni a ganina ita ce duk labarin. Ya yi tunani, in dai yis na kai kayanta cikin jakar nan ana narkarwa, dalilin da ya sa ba a gani shi ne nan take ake narke su. Sai ya nemo yis mai naƙasa wadda ba ta da sinadaran narkarwar, ya hana ta abinci, musamman naitirojin, ya ɗora a madubin ƙara girma na yau da kullum ya zauna yana kallo. Bayan kamar awa ɗaya sai ga wasu 'yan ƙananan dunƙule-dunƙule sun bayyana cikin jakar suna ta rawa suna karkarwa ba sa tsayawa, kafin awa uku sun kusa cika ta maƙil. Kayan da aka kawo a narke ne suka taru don ba mai narke su. Wannan sakamakon sai 1992 ya fito a mujalla.

Tunda yanzu ana iya gani da ido, sai aiki ya zama na haƙuri. Wata ɗalibarsa, Miki Tsukada, ta bi dubban yis da aka jirkita wa ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya tana neman wadda dunƙulen ba sa taruwa a cikinta ko an hana ta abinci, a 1993 suka fitar da ƙwayoyin gado 15 da abin ba ya yiwuwa sai da su. Sun kuma lura irin wannan yis ɗin saurin mutuwa take in yunwa ta yi tsawo. Ashe bolar nan ta 'yan jari-bola ce, ana farfasa tsohon furotin a fitar da kayan gina sabo.

A 1996 ya koma cibiyar nazarin halittu ta ƙasa da ke Okazaki, inda Noboru Mizushima da Tamotsu Yoshimori suka haɗu da shi, su ne suka ja aikin zuwa jikin dabbobi masu shayarwa, aka ga kusan irin ƙwayoyin gadon nan muna da su mu ma. A 2004 aka nuna jariran ɓeraye da aka cire wa ɗaya daga ciki suna mutuwa cikin kwana ɗaya da haihuwa, wato a ɗan tsakanin nan da cibiya ta yanke nono bai kankama ba jariri da abin jikinsa yake rayuwa. Daga nan fa sai kowa ya rugo, fannin da a da takardu ƙalilan ake rubutawa a shekara ya koma dubbai, ana danganta shi da cutar Parkinson, da yadda ƙwayar halitta ke cinye ƙwayoyin cuta da suka shige ta, da tsufa.

Maganar cutar daji ita ce mai wuyar sha'ani. Beth Levine a Amurka ta nuna a 1999 cewa ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon otofaji na taimakawa wajen danne ƙari, amma kuma in ƙarin ya riga ya kafu, shi ma da wannan hanyar yake jure yunwa da magani. Shi ya sa wasu gwaje-gwajen ma toshe otofajin ake ƙoƙarin yi a jikin masu kansa, kuma abin mamaki da kulorakwin da danginsa, maganin zazzaɓin nan da ya sa da yawanmu ƙaiƙayi muna yara. Yunwa tana tayar da otofaji, wannan an tabbatar a yis da ɓera, amma auna shi kai tsaye a jikin mutum mai rai har yanzu abu ne mai wahala, saboda haka masu cewa awa kaza ne daidai ya fara aiki sun wuce inda bincike ya tsaya. Azumi ibada ce, mai yi don Allah yake yi, marar lafiya kuma kar ya ajiye maganinsa saboda saƙon WhatsApp.

Ohsumi ya koma Cibiyar Fasaha ta Tokyo a 2009, a can labarin Nobel ya same shi ranar 3 ga Oktoba 2016. Tun daga lokacin kukan da yake yawan yi shi ne ana matsa wa matasan masu bincike a Japan su kawo abin da zai yi amfani nan take, alhali shi da ya fara kallon yis bai da wata cuta a ransa da yake son warkarwa. A 2017 ya kafa gidauniya mai ɗauke da sunansa don ba da tallafi ga binciken tushe, musamman masu aiki a kan yis da sauran ƙananan halittu.