Izini, Kuɗin Mota da Gado: Abin da Iyali Zai Yi wa Mace Tun Daga Cikin Gida

Lafiyar mai ciki ba aikin likita ba ne? Me ya kawo iyali ciki?

Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Biyun farko a hannun iyali suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar jini bayan haihuwa kan iya ɗauke mace mai ƙoshin lafiya cikin awa biyu. A wannan ɗan lokacin ne a wasu gidaje ake zaune jugum, ana jiran maigida ya dawo daga kasuwar ƙauye ya ce a tafi.

To me miji zai yi takamaimai?

Ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, kuma ya faɗa a gaban mahaifiyarsa da sauran mutanen gida, ba a ɗaki daga shi sai ita ba. Ya ce: "Ko ba na nan, in aka ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a kai ta asibiti, kada a jira ni." Wannan magana ba ta cin ko sisi, amma ita ce ke ba ƙaninsa ko maƙwabciya ƙarfin gwiwar ɗaukar ta cikin dare.

Sannan ya ware kuɗin mota da na asibiti kafin ya fara tunanin ragon suna, ya bar su inda matar ta sani. Ya riƙe lambar direba ko mai Keke, ya san ɗan uwan da zai iya ba da jini. Awo kuwa, tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla sau takwas. A can ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro. In ya raka ta ko sau ɗaya, zai ji komai da kunnensa.

Idan uwar miji ta ce, "Mu a ɗaki muka haihu" fa?

Gaskiya ta faɗa, kuma ba a cin nasara a kanta da gardama. A je mata da ladabi, a ce, "Inna, ke za ki raka ta awo, ke kika fi mu sanin abin." Uwar da aka ba ragamar lamari takan zama ita ce mai matsa wa kowa lamba. Abin da ya kamata ta ji shi ne illar doguwar naƙuda, musamman ga ƙaramar yarinya mai cikin fari da kunya ta hana ta yin ƙara. Doguwar naƙudar ce babbar hanyar yoyon fitsari, wanda ake yi wa mata aikinsa a asibitin Babbar Ruga na Katsina da Asibitin Murtala na Kano. Haka ma kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. A bar mai jego ta yi wanka da ruwa mai ɗumi, a rage kanwa, a kuma bar jariri ya sha dakashi.

Maganar daidaito tsakanin mace da namiji ba ta saɓa wa addini da al'ada ba?

Mu fara da haƙƙin da addinin kansa ya ba mace, tunda shi ma ana danne shi. Sadaki nata ne. Suratun Nisa'i ta yanke mata kasonta na gado, amma sau nawa ake barin gona da gida a hannun yayye maza da sunan "ana riƙe mata" har ta tsufa? A raba, a rubuta, a damƙa mata. A cikin gida kuma, ɗa namiji ya ɗebo ruwa ya share tsakar gida, domin ƙanwarsa ta samu lokacin bitar karatu. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu, ta kafa ƙungiyar karatun mata ta 'Yan Taru, ta tura malamai mata da ake kira jaji ƙauyuka suna karantar da mata, ba wanda ya ce ta fita daga addini. Magidancin da ba ya son namiji ya duba iyalinsa a asibiti shi ya fi kowa buƙatar 'yarsa ta zama ungozoma ko likita.

Ta yaya za ta shiga harkokin unguwa ga aikin gida ya yi mata yawa?

Sau da yawa ba hani ne ke tsare ta ba, rashin mai riƙe yara ne da kuɗin mota. A samar mata waɗannan ranar Islamiyya, ranar taron adashi, ko taron ƙungiya irin FOMWAN, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi ta Najeriya, da aka kafa a Minna a 1985. In kwamitin lafiya na mazaɓa yana neman mata, a ƙarfafa ta ta shiga, domin ita ta san ranar da asibitin unguwa ba magani. Katin zaɓenta da wayarta da ribar sana'arta su zauna a hannunta.