Tseren keke a kan duwatsu: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Tun da muka fara haɗuwa a shagon wani mai gyaran keke a Tudun Wada domin kallon gasar Tour de France a watan Yuli, tambayoyi iri ɗaya ake yi mini, musamman ranar da tseren ya shiga duwatsu. Na amsa su har bakina ya gaji, saboda haka na rubuta su a nan domin kowa ya karanta.

Me ya sa wanda ya fi kowa ƙarfi ba ya wucewa gaba tun farko?

Saboda iska. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Samaru zuwa Sabon Gari da hunturu, iska na dukan ƙirjinsa, ya san cewa na gaba shi ke shan wahala, na bayansa kuwa yana fakewa.

Wanda ya riga kowa isowa yau shi ne ya ci gasar?

A'a, zangon ranar kawai ya ci. Zango 21 ake yi, ana tara lokacin kowa, kuma mai mafi ƙarancin lokaci shi ke sanye da riga mai ruwan ɗorawa.

Me ya sa wasu ke jan ayari da ƙarfi, sannan su kauce gefe su koma baya?

Don Allah a daina kiran su ragwaye, domin maganar tana ɓata mini rai. Kowace ƙungiya mutum 8 take shigowa da su, ɗaya ne jagora, sauran kuwa hidimarsa suke yi: su tare masa iska, su koma mota su ɗebo masa ruwa, su tsananta gudu a gindin dutse har mataimakan abokin hamayya su zube ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuka ga ya kauce yana haki, bakinsa a buɗe, rigarsa a zuge har ciki, ya gama aikin da aka ɗauke shi dominsa.

Idan abokin hamayya ya ɓalle da sauran tafiya mai nisa, a bi shi ko a ƙyale shi?

Wannan ita ce tambaya ta gaskiya, kuma ba ta da amsa guda. Da farko sai a duba wane ne ya ɓalle. Idan mutum ne da ke baya da minti 30 a jimillar lokaci, babu mai ɓata ƙarfinsa a kansa, ya je ya ci zangonsa. Idan kuwa tazarar minti ɗaya ko biyu ce, sai a duba abin da ke bayan dutsen. In a ƙololuwa za a ƙare, jagora yana iya riƙe nasa gudun ba tare da firgita ba, domin a hawa mai tsauri gudu kaɗan ne, fakewa daga iska ba ta da amfani sosai, kuma sau da yawa mai zafin nama yakan ƙone kafin ƙarshe. Amma in akwai gangara da shimfiɗaɗɗiyar hanya a gaba, lissafin ya sauya, musamman idan wanda ya ɓalle ya riga ya tura abokinsa gaba tun da safe yana jiran sa.

Abin da ya faru ke nan a gasar Giro ta Italiya a 2025, a dutsen Finestre, wanda hawansa ya haura kilomita 18 kuma ƙarshensa hanyar tsakuwa ce. Isaac del Toro ne ke kan gaba a jimillar lokaci, Richard Carapaz na biye da shi, Simon Yates yana na uku da tazarar minti 1 da daƙiƙa 21. Da Yates ya ɓalle, sai biyun suka tsaya kallon juna, kowa na jiran ɗan'uwansa ya ja. Bayan an sauko, Yates ya tarar da abokinsa Wout van Aert, wanda ya ja shi a kwarin da iyakar ƙarfinsa, kuma a ranar gasar ta kuɓuce wa del Toro. A ganina ya kamata ya bi, tun da shi ne mai abin asara.

Sai dai bin kowa ma yana da nasa haɗarin. A Tour na 2022, Jonas Vingegaard da Primož Roglič, 'yan ƙungiya ɗaya, sun yi ta kai wa Tadej Pogačar farmaki bi da bi a hanyar dutsen Galibier, shi kuma yana amsa kowanne da kansa. Da aka iso hawan ƙarshe na Granon ƙarfinsa ya ƙare, ya yi asarar kusan minti uku tare da riga mai ruwan ɗorawa da yake sanye da ita. To, wanda bai bi ba ya rasa, wanda ya bi kowa ma ya rasa. Abin da zan iya cewa kawai shi ne, jagora ya san tun da safe mutum nawa ne ba zai bari su tafi ba, ya ƙirga mataimakan da suka rage masa, sannan ya ji abin da ƙafafunsa ke gaya masa, ko da darektan ƙungiyarsa da ke mota yana faɗar wani abu daban ta rediyo.

Ba rashin nauyin keken ne ke ba su nasara ba?

A'a. Doka ta hana keke ya gaza kilo 6.8, kuma kusan duk kekunansu a nan kusa suke.

Waɗanda aka bari can baya da nisa, korar su za a yi?

Ku kwantar da hankalinku. Akwai iyakar lokaci da ake lissafawa daga lokacin wanda ya ci zangon, kuma wanda ya wuce ta ne ake cirewa. Shi ya sa masu nauyin jiki, waɗanda gwanintarsu gudun ƙarshe ce a fili, suke haɗuwa su zama ayari guda a baya, ko da ƙungiyoyinsu daban ne, su riƙa karɓar ja a tsakaninsu domin su iso cikin lokaci. Biniam Girmay na Iritiriya, wanda yaran shagon ke tambayata ina ya shiga duk ranar dutse, sai da ya haye duwatsun nan duka cikin lokaci kafin ya tafi gida da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi kowa tara maki, a 2024.