Raunin gaba: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Kusan kowa sai ya rage murya kafin ya yi su, kamar shi kaɗai abin ya taɓa samu a duniya. Ba kai kaɗai ba ne, Malam. Wani bincike da aka yi a jihar Massachusetts ta Amurka, aka fitar a 1994, ya gano kashi 52 cikin ɗari na maza 'yan shekara 40 zuwa 70 suna da matsalar, ƙarama ko babba.

Sau ɗaya gabana ya ƙi miƙewa, na kamu ke nan?

A'a. Gajiya, rashin barci da ɓacin rai duk suna jawo haka. Sai abin ya yi ta maimaituwa wata uku ko fiye ake kiransa ciwo.

Basir ne?

Ba basir ba ne. Ka daina ɗura wa cikinka maganinsa.

To me ke kawo shi?

Jini ne ke cika gaba ya miƙe, saboda haka duk abin da ke lalata jijiyoyin jini yana iya kwantar da shi: ciwon sukari, hawan jini, taba sigari, ƙiba, kitse a jini. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya siranta, su suke fara toshewa. Shi ya sa wasu ke fara ganin rauni shekaru kafin ciwon zuciya ya bayyana. Abin da ke ci mini rai shi ne mutum ya shekara yana neman maganin ƙarfi, bai taɓa miƙa hannu an gwada masa hawan jini ko sukari ba. Je ka a gwada, tun yau.

Da asuba yana tashi, amma in na je wa iyali sai ya kwanta.

Wannan alama ce mai kyau. Yawanci fargaba ce, tsoron kada a sake jin kunya irin ta jiya. Ka yi magana da matarka. Shirun da kake yi ya fi sa ta zargin ka daina sonta.

Ina shan maganin hawan jini. Zan iya shan Viagra?

Nan kam ba zan ce e ko a'a kai tsaye ba, sai an san wane magani kake sha. Da yawa daga masu hawan jini suna shan sildenafil, wato sinadarin da ke cikin Viagra, lafiya ƙalau, matuƙar jinin ya daidaita. Amma in kana amfani da maganin ciwon ƙirji irin su nitroglycerin ko isosorbide, haramun ne a kanka: haɗa su na iya sa jini ya faɗi ƙasa warwas, har a rasa rai. Masu shan wasu magungunan furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, su ma sai da lura, a fara da ƙaramin awo. Wanda zuciyarsa ta buga kwanan nan ko shanyewar ɓarin jiki ta same shi, ko mai haki in ya hau bene hawa biyu, sai likita ya duba zuciyarsa tukuna. Akwai kuma yiwuwar maganin hawan jinin ne da kansa ya rage maka ƙarfi, don wasu daga cikinsu suna yin haka. Ko da kana zargin hakan, kada ka ajiye shi da kanka. Ka kwashi kwalayen magungunanka duka ka kai wa likita, akwai wanda za a iya canza maka.

Na sha bai yi aiki ba.

Yaushe ka sha? Ana shansa kamar awa ɗaya kafin saduwa, abinci mai maiƙo yana jinkirta shi, kuma ba ya aiki in babu sha'awa. Kada ka ƙara na biyu a rana ɗaya. Tadalafil, wani maganin irin sildenafil, shi kan kai awa 36 yana aiki a jiki.

Na gargajiya fa, ai ba shi da illa?

Wa ya ce? Hukumar magunguna ta Amurka ta sha kama irin waɗannan an cusa musu sildenafil a ɓoye, ba a rubuta a jikin kwalin ba. Mai ciwon zuciya zai haɗiye shi bai san me ya sha ba.

Ya miƙe ya ƙi kwanciya.

In ya kai awa 4, tafi asibiti yanzu, ko tsakar dare ne. Jinkiri na iya lalata gaban har abada.