An dasa wa yaro na'urar ji, to sai me kuma?

Iyaye, musamman mata, ku ɗan matso. Ina aiki da yara masu matsalar ji a nan Kaduna, kuma kusan duk uwar da ta zauna gabana tambayarta ɗaya ce: "Anti, in aka dasa masa abin nan zai yi magana?" Zai iya da yardar Allah, amma fa ba ranar da aka fito da shi daga tiyata ba.

Na'urar da ake dasawa ɗin, wato cochlear implant da Turanci, kashi biyu ce. Ɗaya likita ke sakawa ƙarƙashin fata a bayan kunne, da siririyar waya da ke shiga can ciki inda kunne ya naɗe kamar dodon koɗi, ɗayan kuma a waje yake, mai batir, maganaɗisu ke manne shi a kai. Ba a ma kunnawa sai wurin ya warke, kamar sati 2 zuwa 4. Kuma ranar kunnawar ba lallai ki ga murmushin nan da ake nunawa a Facebook ba, wani yaron kuka zai fashe da shi don bai taɓa sanin ƙara ba.

Yaro ɗan shekara biyu da aka kunna masa yau, kunnensa jariri ne sabuwar haihuwa. Sai an koya masa ji. To nan ne aikinki yake Maman yaro, ki zama mai surutu wallahi, kina daka ki ce masa ji turmi, an kira sallah ki tsaya ki nuna kunne, Keke Napep ya wuce ki faɗa masa sunansa, kina ba shi koko ki ce koko, koko, har ki gaji da kanki. Awa ɗaya wajen mai koyar da magana ba za ta maye wunin da yake yi a gindinki ba. Kuma muddin idonsa biyu na'urar na kansa, sai barci da wanka ake cirewa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ajiye ta a durowa wai kar ta lalace saboda tsada, ko a cire in za a je biki don kar dangin miji su gani. Haba! Kuɗin da aka kashe fa? Ku bar shi ya je islamiyya da boko, ya yi wasa da 'yan uwansa, bugu a kai kawai ake gudu, irin su dambe da kokawa. A roƙi malam ya zaunar da shi a gaba, ya riƙa kallonsa in zai yi magana, don hayaniyar aji tana wahalar da su sosai.

Sai kula ta yau da kullum: gumi, ruwan sama, ƙurar hunturu, duk a goge a busar. Da yanayin wutarmu, a tanadi batir na biyu. Kar a tsallake ranar komawa asibiti a saita na'urar. A cika rigakafin sanƙarau, kuma in zazzaɓi ya zo da ciwon kunne ko sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye, ba kemis ba. Za a yi hoton MRI? A faɗa musu akwai dashe.

Maganar hannu kuma ba abin kunya ba ce, in ya cire na'urar da daddare ai ba ya ji, da me zai ce miki cikinsa na ciwo?

Wanda yaronsa ya yi sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ya kai shi gwajin ji ko da ya ga kamar lafiya lau. Bayan sanƙarau ma cikin kunnen kan iya toshewa da ƙashi, dashen ya yi wuya. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa tana nan cikin garinmu tun 1999, a daina zaman "ai babansa ma bai yi magana da wuri ba".